Daminar da Na Yi Riƙe da Allura

Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni ban daɗe da yin aure ba. Nasara ma ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. A Gehuru mun fi jin labarinsu da ganinsu, sai dai wanda ya je cin kasuwar Jega ya dawo ya ce ya hango ɗaya bisa doki da hula kamar akushi. Mu huɗu ne a gida: ni, da matata, da Inna wadda ta haife mu, da wana. Tun rasuwar mahaifinmu wana ke riƙe da gandu. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, bai kuma sake aure ba.

Ciwon ya zo tare da ruwan shuka. Wani ƙurji ya fito mini a idon sawun dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga kan abin, fari, siriri. Kafin in gama mamakin wannan, wani ya ɓullo a gwiwar hagu. Yanzu ana cewa ruwan tabki ke kawo shi. Mu a lokacin ba mu san haka ba, abin da muka sani shi ne yana zuwa daidai lokacin da gona ta fi bukatar mutum. Maganinsa haƙuri. Kowace safiya Inna takan zauna ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, kaɗan kaɗan, ba ta ja da ƙarfi, don in ya tsinke a ciki ƙafa ta shiga uku. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure saboda iska, daga nan nake ganin masu wucewa gona da hauya a kafaɗa.

Gero ya fara tasowa ke nan aka aiko wa mai gari cewa ana son mutane, kowane gida namiji ɗaya, za su ɗauki kayan wani Bature zuwa kudu. Da ƙafata lafiya, ni zan tafi, don ni ne ƙarami, kowa ya san haka. Wanda aka aiko ya leƙo zaure, ya dubi ƙafafuna, ya kau da kai, ya tsaya yana kallon wana.

Na ce, "Yaya, a hwaɗa musu gidanga ba mu da mutum. Gona hwa?"

Ya ce, "Wa za ya ji? Kwanta abinka. An ce ba mu daɗewa, ina dawowa kahin maimai."

Ya naɗa gammo da tsohon zanen Inna, matata ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin gero a ƙyalle, ya fita. Ko rakiya zuwa bakin gari ban iya yi masa ba.

Daga nan noma ya koma hannun mata biyu, tsohuwa da amarya. Maƙwabta sun yi mana gayya sau ɗaya, Allah ya saka musu, amma kowane gida an ɗauke masa hannu, ciyawa kuwa ba ta jira. Wata safiya da suka fita na kasa jurewa. Na ja jiki da gindi har bayan gida inda muke da ɗan fegin dawa, na fara cirar ciyawa da hannu. Ban yi nisa ba tsinken gwiwa ya maƙale a kututture, na ji abin ya tsinke. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu. Sai ɗauko ni aka yi aka mai da ni zaure. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dafa ganye ta gasa mini, tana yi hawaye na zuba. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin haka Kawu ya zo duba ni. Ƙanen Inna ne, malami, yana zaune a Jega Firchin. Bayan karatu, sana'arsa zane: maɗinka kan kawo masa aljihun riga ko ƙyallen hula, ya zana musu da alƙalami da tawada, su kuma su je su bi zanen da zare. Ya sauka daga jakinsa, ya yi mini addu'a, ya daɗe yana kallona ina kallon rufin zaure. Sannan ya ciro wani ɗan ƙunshi daga aljihu ya kwance a gabana. Farin ƙyalle ne na saƙar gida, bai fi tafin hannu biyu ba, an zana masa da'ira mai naɗewa ciki kamar dodon koɗi. Ga shuɗin zare an naɗe a guntun kara, ga allura an soke a gefe, ga ɗan yankin fata na kare yatsa. Komai an haɗa, hannu kawai ya rage.

Na ce, "Kawu, mi zan yi da wanga? Ni manomi na."

Ya ce, "Na sani. To tashi ka yi noman."

Na dubi kumburarriyar gwiwata.

Ya ce, "Wanga sunanai tambari. Ba na sayarwa ba na, kuma ba kowa ka jiran shi ba. Layi na riga na ja maka shi, kai dai bi. In ka ƙare ka aiko, in aiko maka wani."

Ya zauna kusa da ni ya nuna mini yadda ake soka allura ta fito a kan layi, a zagaya zare, a sake sokawa daf da inda ta fito, har ɗinkin ya tafi kamar sarƙa. Yatsunsa na tafiya shi kuwa yana hira da Inna, ko duba hannunsa ba ya yi. Da ya ba ni, allurar ta ɓace a tsakanin yatsuna. Hannu ne da ya saba da ƙotar hauya, duk ya yi kanta, ko jin allurar ba na yi. Na soke kaina ya fi a ƙirga. Tambarin farko da na gama ya tattare ya yi kamar bakin jaka, ga ɗigon jini a wuri biyu, ga dauɗar hannu. Na ji kunyar aika shi, amma na aika, ta hannun wani maƙwabcinmu mai jaki da ba ya fashin kasuwar Jega. Da yamma ya dawo mini da sabon ƙunshi, da saƙon baki: Kawu ya ce in daina jan zare kamar ina ɗaure akuya, in kuma riƙa wanke hannu.

Haka muka yi ta yi. Ƙunshi ya tafi, ƙunshi ya dawo. Bayan tambari ya aiko da aska, wato dogayen tsinin nan da ke sauka a gaban riga. Su ba bin layi kaɗai ba ne, sai an cike cikinsu da ƙananan huda, kowace a kewaye bakinta da zare har ta zama kamar idon kifi. Daga nan dagi, mai layuka da ke shiga ƙarƙashin juna suna fitowa, wanda in ka ɓata wuri ɗaya sai ka warware rabin aikin. Ban taɓa zaɓen zane ba, ban taɓa zaɓen launi ba. Abin da ya zo shi nake yi, kuma ina jin wannan ne ya riƙe ni. A kwanakin nan duk abin da na sa tunanina a kai ba ni da iko da shi: ruwa, ciyawa, ƙafata, inda wana ya kwana. Layin tawada kuwa yana nan inda aka ja shi, in na soka allura daidai sai ya rufu. Nakan fara da hantsi, in ɗaga kai in ga inuwar zaure ta juya, zugin gwiwa ma sai in na ajiye nake tuna shi.

Mutane sun yi ta magana. Masu wucewa kan tsaya su ce, "A'a, malam maɗinki, a yi muna riga ta salla!" In yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da matata ta dawo daga gona ita kaɗai, Inna ta tsaya ɗebo itace. Ta shigo zaure da hauya, ƙafafunta duk laka, ta tsaya a kaina. Ni kuwa ina tsakiyar wani dagi, har na ɗaga mata shi don ta gani, da yake ya yi kyau. Ba ta dube shi ba. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙo mini. Duk ya faffashe, wani wurin yana ruwa.

Ta ce, "Malam, gonar tudu ta tahi. Ciyawa ta hi geron tsawo. Mun bar ta, mun koma ta kusa."

Na sauke hannun da na ɗaga. Ta dubi ƙyallen da ke hannuna, ta ce, "Shi wanga ana cin shi?"

Ta shige ciki. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba, kuma gaskiya ta faɗa. Na naɗe ƙunshin na tura ƙarƙashin tabarma. Na yi kwanaki ban taɓa shi ba. Na koma kallon rufi, ina bin kowa da ido, in an kawo tuwo in ce na ƙoshi, in an yi mini sannu in yi tsaki. Ita ce da kanta ta zo wata safiya za su fita, ta ɗaga gefen tabarmar, ta ciro shi ta ajiye mini a cinya.

Ta ce, "Ɗauki abinka. In kana yi, ko ba komi muna barin mutum a gida. Kwanan nan kamar gawa muka bari."

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo ya wuce, wana bai dawo ba. Waɗanda aka tafi da su suka fara dawowa ɗaya ɗaya, a rame, kowa muka tambaya sai ya ce an raba su ƙungiya ƙungiya, bai san inda nasu ya bi ba. Sai ranar nan wani mutumin Aliero ya yi sallama a ƙofar zaure. Ya ce tare suka ɗauki kaya da wana, shi ya kwatanta masa gidanmu. A hanyar dawowa ciwon ciki ya kama shi, ga ƙafa ta fashe, har ya kasa tafiya. Sun bar shi a wani ƙauye gaba da Maiyama, a rumfar wata tsohuwa mai sayar da fura.

Inna ta ce, "Da rai kunka bar shi?"

Ya ce, "Da rai, Inna. Amma a yi hanzari."

Na ce a ɗora ni a jaki. Inna ta hana, na rantse sai na je. Maƙwabcinmu ya kawo jakinsa, mutum biyu suka ɗaga ni suka aza bisa akumari. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, ƙafar ta miƙe gefe kamar itace, kowane taku na jakin sai in ji shi har cikin kaina. Mun wuce rijiyar bakin gari da kaɗan na ga duniya ta yi duhu. Da na farfaɗo ina kwance a gefen hanya, ana yayyafa mini ruwa, mata masu ɗiban ruwa sun kewaye ni suna salati. A kan wata tsohuwar ƙofar kara aka ɗauko ni aka dawo da ni gida.

Aka aika wa Kawu. Washegari da hantsi sai ga shi, da gora da sanda da ɗan buhun guzuri. Mutum ne mai furfura, bai saba doguwar tafiya ba, ga damina ta cika rafuka. Inna ta ce, "Malam, kai ko?" Ya ce, "To wa?" Kafin ya hau jaki ya ajiye mini ƙunshi, wanda ya fi na kullum girma. Cikakken aljihun riga ne, da askarsa da tambarinsa da komai, har da ɗan jan alharini kaɗan a naɗe daban.

Ya ce, "Wanga kar ka yi mai sauri."

Ban san adadin kwanakin da ya yi ba, na dai san gero ya yi bununi yana can. Kullum ina zaune ina fuskantar hanya, in yi ɗinki kaɗan in ɗaga kai. Duk jakin da ya ɓullo daga kudu sai gabana ya faɗi. Aikin da na yi a kwanakin nan shi ne mafi muni tun bayan tambarin farko, hudar wata babba wata ƙarama, don hannuna ne kawai a wurin. Inna ta daina zuwa gona. Takan zauna a bakin zaure da carbi. Wani lokaci takan miƙo hannu ta warware mini zaren da ya harɗe, ta mayar, idonta na kan hanya.

Da la'asar suka iso. Kawu ne a ƙasa yana jan jakin, rigarsa ta yi ja da laka har ƙugu, takalmi ɗaya ya tsinke ya rataya shi a wuya. A bisa jakin an ɗaure wani mutum da rawani don kada ya faɗo. Sai da aka sauke shi ya ce, "Inna," sannan na yarda wana ne. Mutumin da ke ɗaga damin dawa da hannu ɗaya, matata da Inna su biyu suka ɗauke shi ba tare da nishi ba. Gashin tsakiyar kansa ya cinye inda gammo ke zama, wuyansa kuma ya ƙage, in zai dube ka sai ya juyo da jiki duka.

Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tawa. Maza biyu na gidan, ga mu kwance a zaure ɗaya, mata na fita da hauya suna dawowa. Ya tambayi gonar tudu, na gaya masa. Ya rufe ido ya juya fuska bango. Kwanakin farko ko magana ba ya so, sai kunu da Inna ke ba shi a ludayi. Da ya fara samun ƙarfin zama sai ya jingina da bango yana kallon hannuna. Na zaci zai yi mini dariya, don shi mutum ne mai tsokana a da. Bai yi ba. Wata rana ya ce in ba shi ya gwada. Na ba shi, ya kasa ko zura zare a kafar allura. Ya miƙo mini ya ce, "Bar shi. Kawo in riƙe maka zaren." Daga ranar aikinsa ke nan: ya ware hannu biyu in rataya masa zare, ina naɗewa a kara, ko ya tsinke mini daidai tsawon da nake so ya jera a gwiwarsa.

Bai taɓa ba mu labarin tafiyar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "An dai sha wuya." Sau ɗaya kawai ya buɗe baki, muna zaune mu biyu da azahar, zare a hannunsa.

Ya ce, "Ka san mi na ɗauka?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya ce, "Tun daga Jega an naɗe shi cikin buhu, ga nauyi, ga faɗi, in iska ta taso sai ta nemi kayar da ni. Ni ina cewa ko wani abin yaƙi na. Sai da munka yi zango bakin wani gulbi anka kwance. Daro na. Ƙaton daro na ƙarhe. Anka ɗora ruwa a wuta anka zuba ciki, Baturen ya shiga ya zauna yana wanka. Ga gulbi nan gabanai, cike da ruwa."

Na fashe da dariya, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Muka yi ta yi kamar mahaukata, har matata ta leƙo ta ga ko lafiya. Can dai dariyar ta ƙare. Ya sunkuyar da kai yana kallon zaren da ke hannunsa, ni kuma na ci gaba da naɗewa.

Kakar wannan shekarar ba ta yi mana kyau ba. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Surukaina na Jiga Makera suka aiko da dawa, Kawu ma ya aiko, muka haɗa da rama da tafasa muka kai rani. Kurkunun ya gama fita bayan an yanke gero, amma gwiwar hagu ta ƙi komawa daidai. An kai ni wurin masu ɗori a Aliero, suka tattaɓa suka ce ba karaya ba ce, ba su da abin yi. Da ɗingishin nake har yau. Wana ya tashi, ya yi shekaru bayan haka, sai dai bai ƙara aza kaya a kansa ba, noma ma sai na sassafe kafin rana ta yi zafi. Ni kuwa na ci gaba da karɓar ƙunshin Kawu kowane rani har ya rasu, daga nan na riƙa kai ƙyalle wurin wani almajirinsa yana zana mini. Ban taɓa koyon zanen da kaina ba, na gwada hannuna bai bi ba.

Da sanyi ya shigo a shekarar nan muka sauka fadama dashen albasa, ni da wana. Ba mai iya sunkuyo a cikinmu, don haka a zaune muka yi shi. Kowa ya kama fanginsa, wato ɗan fegin da aka kewaye da kunyar ƙasa, yana dasawa yana jan gindi gaba cikin laka, matata na biye da mu da tulu tana ba da ruwa. Masu fangin kusa sun gama nasu tun da hantsi sun tafi. Mu sai da rana ta yi ja muka kai ƙarshe, sannan muka zauna a kan kunya muna jiran ta zo ta kama mu mu tashi, ɗaya bayan ɗaya.